Yaron Alexander

Matan da suka fita wankin kuza ne suka fara ganin ƙafafunsa. Ƙafafun sun leƙo daga bakin wani rami a bayan tsohon tudun ƙasa, irin tuddan nan da kamfanin kuza ya tara ya tafi ya bari a gefen Rayfield. Da maza suka zo suka jawo shi, sai ga Dantong, magidanci mai 'ya'ya huɗu, wanda kowa a ƙauyen ya san yana rarakar tudun nan a ɓoye, ya wanke ƙasar a tafki ya sami ɗan abin kai wa masu awo. Tun jiya da safe ya fita, matarsa ta zaci Bukuru ya wuce. Da farko an ce rami ne ya rufta masa. Sai da aka zo cire masa riga aka ga ƙofar harsashi ƙarƙashin haƙarƙarinsa.

Likita ya ciro dalmar harsashin, ya ce wannan ba aikin masana'anta ba ne, da hannu aka zuba ta. A duk Jos kuwa mutum ɗaya aka sani da wannan aiki, wato Alexander, tsohon mai gyaran injunan kamfani, wanda wani bature ya bar wa kayan ɗurin harsashi lokacin da zai koma ƙasarsu. Alexander ya ce irin wannan dalma, bindiga ɗaya tak yake yi wa ita. Ana cikin haka wata tsohuwa, Ngo Lai'atu, ta gaya wa ɗan sanda cewa jiya da safe ta ga yaron Alexander wajen tudun da bindiga, ta kuma ji harbi. Babu wanda ya tsaya tambayar wane ne. Daga Rayfield har cikin gari, in aka ce yaron Alexander, Isa ake nufi, saurayin nan ɗan unguwar Gangare da ba ya rabuwa da shagon tsohon, kuma bindigar tasa ce. Aka tuna ya taɓa cacar baki da Dantong a kan kare. Aka sami waɗanda suka gan shi jiya da yamma a Rayfield da jakar bindiga a kafaɗa. Kafin la'asar an je garejin da yake koyon kanikanci a Kwararafa an tafi da shi.

Haladu yana zaure yana ɗinke takalminsa lokacin da Balaraba, uwar yaron, ta shigo ba ko sallama. Shi ƙanin marigayi mijinta ne, kuma mai bin sawu ne. Da ƙuruciya turawan kuza yake yi wa jagora in za su gangara ƙasan dutse farautar bauna da gwanki, yanzu kuwa da ya manyanta 'yan sanda ke aiko masa in an kore shanun wani. Balaraba ba ta yi kuka ba. Ta tsaya a kansa ta ce an ce ranar Litinin za a kai ɗanta gaban alƙali da laifin kisan kai, kuma mutanen ƙauyen Dantong sun yi rantsuwa ba za su binne maganar ba ko da sun binne gawar.

Ta ce, "Kai ka kai shi wurin mutumin nan, Haladu. Da ka bar bindigar ta ruɓe a ƙarƙashin gado, da yanzu yana nan."

Bai musa ba, domin haka abin yake. Bindigar gadon Isa ce, wani bature ya ba ubansa ita da takardarta, ƙatuwa ce mai kayar da bauna. Ranar da yaron ya fara harba ta, ta doki kafaɗarsa har ya yi mako bai ɗaga hannu ba, daga nan kuma ya koyi mummunar ɗabi'a: yana rufe ido kafin ya ja kunama. Ga shi harsashin kanti ya yi wuya a shekarun nan, sai wanda ya san wani. Haladu ne ya kama hannunsa ya kai shi wurin Alexander, abokinsa tun suna samari a barikin kuza, ya roƙe shi ya riƙa sake ɗura tsofaffin kwansunan harsashi, ya rage musu ƙarfi, yadda yaron zai saba da bindigar ba tsoro kafin a ƙara masa. Abin ya yi amfani. Isa ya daina rufe ido, ya kuma mai da shagon gidansa na biyu.

Haladu ya ajiye allurar ya ce da ita zai je ya duba ƙasa. Iyakar abin da ya iya alkawari ke nan.

Ya fara biyawa ta caji ofis. Insifeto Shu'aibu, wanda bai daɗe da zuwa daga Kano ba, mutum ne mai sauraro, ya bar shi ya ga yaron ta tagar ƙarfe. Isa ya rame a wuni ɗaya. Abin da ya gaya wa 'yan sanda shi ya maimaita wa baffansa: bindiga tasa ce, harsashi nasa ne, kuma duk makon tana hannunsa. Bai ce ya harba ba, bai ce bai harba ba. Haladu ya tambaye shi ina yake jiya da safe, ya ce maigidansa ya aike shi Bukuru neman kayan gyara. Ya tambaye shi me ya kai shi Rayfield da yamma da jakar bindiga, in dai tana hannunsa duk makon. Yaron ya sunkuyar da kai.

"Baffa, ka bar maganar nan."

"In bar ta su rataye ka?"

"Ka dai bar ta."

Haladu ya daɗe yana kallonsa. Ya san yaron tun yana rarrafe, ya san yadda yake in ya yi laifi: surutu yake yi, ya kawo dalili goma. Wannan shirun baƙo ne.

Washegari da hantsi ya isa tudun. Bayan tudun ba abin da ya rage, jama'a sun tattake wurin kamar an ci kasuwa. Ya leƙa ramin ya ga Dantong ya yi nisa da rarakar, ya shige ciki sosai. Sai ya zagayo ta gaba, inda babu wanda ya damu ya taka, tun da kowa ya ɗauka daga bakin rami aka harbi mutumin. Damina ta zo ƙarshe, ƙasa tana da sauran danshi. A fuskar tudun, daidai ƙirjin mutum, ya ga murfin gwangwanin madara a maƙale da ƙaya, da ƙofofi uku a jikinsa, kusa da juna har tafin hannu ya rufe su. Ya tsinko doguwar ciyawa ya zura a ƙofar farko, ta tokare. Ta biyu ma ta tokare. A ta uku ciyawar ta shige, ta yi ta shiga, har ya ji ta faɗa fili.

Ya zauna a kan dugadugansa. Ashe babu wanda ya yi niyyar kashe Dantong. Wani ne ya zo gwada harsashi, ya ɗauka tudun nan cike yake kamar yadda ya saba, bai san an rarake shi ta baya har ya zama ɓawo ba. Dalmar ta ratsa ta sami Dantong a ciki, ya ja jiki da baya har bakin ramin, nan ƙarfinsa ya ƙare.

Ya juya baya ya bi layin harbin har wani faffaɗan dutse. A gindin dutsen ya tarar da gurbin gwiwa ɗaya, da shatin buhu da aka naɗe aka ɗora bakin bindiga a kai. Babu kwanso ko ɗaya a ƙasa, amma ga alamar yatsu inda aka tsince su daga laka, yadda duk wanda ya san za a sake ɗura su yake yi. Sai sawun: takalmin roba ne, ƙafa ƙarama siririya, mai tafiya ba gaggawa. Ƙafar Isa faffaɗa ce kamar ta ubansa, kuma har yanzu hannunsa bai kai ya tara harsashi uku a murfin gwangwani ba. Haladu ya bi sawun har ya hau jan titin tsakuwa, nan ya ɓace masa cikin sawun motocin manyan ma'aikata.

Insifeto ya saurare shi har ƙarshe, ya ma ce zai aika a ga ƙofofin. Amma ya ce ƙaramar ƙafa ba ta da suna, shi kuwa yana da dalma, yana da mai bindiga, yana da tsohuwar da ta gani da idonta. In ya saki yaro a kan sawu kawai, ƙauyen nan zai taso, ba kuma Isa kaɗai abin zai shafa ba. Ya ce, "Malam Haladu, kawo mini mutum. Ni ma ba na son wannan fayil ɗin."

Mutum na farko da ya faɗo wa Haladu a rai shi ne Charles, mai gadin filin kamfani. Gajere ne, tsohon soja, an san shi da iya harbi, kuma ya sha korar Dantong daga tuddan nan. Ya same shi a rumfarsa yana gasa masara. Charles bai jira tambaya ba, ya ce ya san abin da ake faɗa a kansa a gidan burkutu, kuma duk wanda ya faɗa Allah ya isa. Ya ce shi da Dantong tsere kawai suke yi, in oga yana kusa ya kore shi da ihu, in oga ya tafi su raba taba. Ya nuna bindigar gadinsa, mai watsa ƙananan duwatsun dalma ce, ya ce wannan ko kare ba ta kayarwa daga nesa. Haladu bai kula da bindigar sosai ba. Ya jira har mutumin ya tashi ɗauko gishiri, ya ga yadda yake jan ƙafar hagu, tsarabar yaƙi, tana share ƙasa a bayansa. Mai sawun dutsen can lafiyayye ne. Ya karɓi masarar da aka miƙo masa ya yi godiya ya tafi.

Daga nan ya nufi inda yake ta kauce wa tun safe. Gidan Alexander yana ƙarshen tsofaffin kwatas ɗin kamfani, shagon a jikin gidan, ɗaki ɗaya mai warin mai da ƙarfe. Komai yana inda Haladu ya saba ganinsa: maƙatar da ake matse kwanso a bakin tebur, ɗan kaskon narka dalma, gwangwanin albarushi can nesa da taga, da ɗan sikelin nan da numfashi ma yana motsa shi. Alexander yana cewa kullum duk aikin a sikelin yake, ƙwayar da ta wuce kima tana iya raba mutum da fuskarsa, wadda ta gaza kuma ta bar dalma a maƙale a cikin bindiga. Shi ya sa ba ya ba kowa sabon ɗuri sai an gwada.

Ya tarar da shi zaune, hannuwansa a kan gwiwa, ba ya aikin komai. 'Yarsa Ana, wadda ita kaɗai ta rage masa tun rasuwar matarsa, tana daga kusurwa tana goge kwansuna da tsumma. Ta gaishe shi da Baba Haladu kamar kullum, amma ba ta ɗago ba.

Haladu ya ba shi labarin ƙofofin nan uku da ƙaramar ƙafa. Alexander ya saurara yana fuskantar taga. Ya ce shi bai san komai ba, yaro ya karɓi bindigarsa tun farkon mako. Haladu ya tambaya ko akwai wani da yake ba gwajin harsashi, ya ce shi yake gwada kayansa da kansa, shekara nawa ke nan. Ana ta tashi ta ce za ta ɗora shayi, ta fita, ba ta dawo ba.

"Alexander, ranar Litinin za su kai shi."

"Na ji."

"Ba abin da za ka ce mini?"

Tsohon ya shafa gefen tebur da yatsunsa, a hankali, kamar mai neman wani abu. Ya ce, "Yaron kirki ne. Allah zai fid da shi."

Haladu ya fito. Shekarunsu tare sun fi ƙarfin ya ce masa ƙarya kake, kuma ƙasan shagon siminti ne, ba ya riƙe sawu.

Saura tsohuwar. Gidanta yana hayin tafki, bayan shingen ƙyarana, sai an ratsa gonakin acca. Ya same ta tana sussukar acca da ƙafa, ta ce ya zauna a kan turmi. Ngo Lai'atu ta tsufa ƙwarai amma idonta garau. Hausarta irin ta kasuwa ce, wadda ta koya wajen sayar da itace a bariki. Ta fara da ƙorafin ciwon gwiwa, ta ce ba mai taya ta, matan ɗanta ya tafi kasuwa tun safe bai dawo ba, shi kullum haka yake, in ya ga 'yan'uwansa mata sai ya manta gida. Haladu ya bar ta ta yi ta yi, don ya san mai shaida ba a jan shi da igiya. Da ta gaji ta dawo kan maganar da kanta. Ta ce tun da ta ji an kama yaron ba ta iya cin abinci ba, da ta san abin zai kai haka da ta rufe bakinta.

Ya tambaye ta ko ta tabbata shi ta gani, tun da da nisa.

Ta ce, "Ni zan ɓata shi? Ko ya sa kwat ɗin babansa da hula, na san tafiyansa. Ni na karɓi haifuwansa da hannuna. Ran Lahadi shi ke ja mana waƙa a majami'a, muryansa kamar tsuntsu."

Isa a Gangare aka haife shi, a ɗakin Balaraba, bai kuma taɓa taka majami'a ba. Haladu ya dubi tsohuwar, ya tuna abin da ta ce yanzun nan game da surukarta, ya tafi kasuwa, bai dawo ba. A bakin Ngo Lai'atu mace da namiji duk ya ne, duk shi ne, duk wanda aka haifa kuma yaro ne. Haladu a garin nan ya tashi, kullum yana jin irin wannan Hausa a kasuwa da tasha, bai taɓa ɗaukarta abin lura ba. Ɗan sanda ya rubuta abin da ya ji, gari ya maimaita, ita kuma da aka ce mata an kama yaron Alexander, ta zauna tana kukan wani daban.

Bai gaya mata komai ba. Ya yi mata sannu da gwiwa ya tashi.

A bakin tafkin ya zauna, ruwan nan kore mai zurfi da ba a ganin ƙasansa. Yanzu komai ya jeru. Ya gane dalilin da Alexander ke fuskantar taga in ana magana, da yadda yake lalube gefen tebur. Idon ya tafi, mai yiwuwa da daɗewa, kuma mai ɗurin harsashi in aka san ba ya ganin sikeli, aikinsa ya ƙare. 'Yar ce take awo, ita take ɗuri, ita take sa kwat ɗin uban ta fita da sassafe gwaji don a ɗauka shi ne. Isa ya bar bindigar a shagon, ya biyo ya karɓa da yamma, da aka kama shi ya haɗa lissafin da kansa ya rufe baki. Haladu ya juya abin ta kowace fuska yana neman ƙofar da za ta fid da yaron ba tare da ta rufe a kan yarinyar ba. Ya yi tunanin ya koma wurin Insifeto da maganar ƙofofi kawai, a ce tsautsayi ne. Amma ko tsautsayin ne, Isa ne zai ɗauka, da shekarunsa na ƙuruciya, kuma mutanen Dantong da suka riƙe maganar kare ba za su yarda ba. Ya yi tunanin ya yi shiru kamar yadda yaron ya roƙa. Sai ya ga Balaraba tsaye a kansa a zaure. Ana kuwa a hannunsa ta koyi tafiya, a wannan kwatas ɗin. Ya zauna har inuwa ta juya, bai sami ƙofar ba.

Ya roƙi Insifeto abu ɗaya: a tara mutane a shagon Alexander ranar Asabar da safe, a zo da Isa, a ɗauko tsohuwar a mota. Insifeto ya tambaye shi me ya gano, ya ce shi ba zai faɗa da bakinsa ba, a bari mai shaida ta nuna.

Shagon ya yi musu kaɗan. Isa yana tsaye da ankwa kusa da ɗan sanda. Charles ya zo da kakinsa a goge, yana ta faɗa wa kowa cewa shi dai an kira shi ne. Wan Dantong, wani dogo mai suna Chollom, ya tsaya a bakin ƙofa da dattawan ƙauye biyu, ya ƙi zama. Alexander yana kan kujerarsa, Ana a bayansa, hannunta a kafaɗarsa. Da aka shigo da Ngo Lai'atu aka ba ta benci, Insifeto ya dubi Haladu.

Haladu ya durƙusa gabanta ya ce, "Ngo, wanda kika gani ran nan wajen tudu da bindiga, yana cikin ɗakin nan?"

Isa ya ce, "Baffa." A hankali ya faɗa, amma kowa ya ji.

Tsohuwar ta bi fuskoki da kallo. Ta tsaya a kan mai ankwa, ta ƙanƙance ido, ta ce wannan ba ta san shi ba, ɗan wane ne? Sai idonta ya wuce bayan kujerar, fuskarta ta saki da murna.

"A'a, ga shi nan. Ashe sun sake ka, Ana? Na gode Allah."

Chollom ya dubi dattawan, su ma suka dube shi. Insifeto ya tambayi tsohuwar a hankali ko yarinyar take nufi. Ta ce to wa kuma, Alexander yana da wani yaro ne bayan shi?

Alexander ya miƙe har kujerar ta faɗi. Ya ce tsohuwa ta ruɗe, shi ne ya sa kwat ɗinsa ya fita, shi ya harba, a tafi da shi. Ya miƙa hannuwansa biyu a haɗe don a sa masa ankwa, amma inda ya miƙa su babu kowa, ɗan sandan yana can ɗaya gefen. Ya tsaya haka, hannuwa a miƙe wajen bango. Charles ya cire hularsa ya sunkuyar da kai.

Ana ce ta kama hannuwan ta sauke su. Ta ce, "Baba, ya isa." Sannan ta juya ga Insifeto ta faɗi komai. Ta ce shekara biyu ke nan ita ke aikin. Ta ce wannan ɗurin an ɗan ƙara masa ƙarfi ne don Isa ya kusa fita farautarsa ta farko, shi ya sa ta je gwadawa a tudun da take gwaji kullum. Ta kira, kamar yadda uban ya koya mata, ko akwai mutum, ba wanda ya amsa. Ta dawo gida tana murna harbin ya yi kyau. Sai washegari ta ji. Ta ce tun ranar take son zuwa, ubanta yana riƙe ƙafarta yana kuka, Isa kuma ya aiko ta bakin mai kai masa abinci cewa in ta yi magana bai yafe ba. Daga nan ta juya wajen ƙofa ta yi wa Chollom magana da harshensu. Haladu bai ji duka ba, ya dai ji sunan matar Dantong da na 'ya'yansa. Chollom ya juya ya fita, dattawan suka bi shi.

Ɗan sanda ya kwance ankwar daga hannun Isa. Insifeto ya ce ba sai an sa wa yarinyar ba, ta ɗauko mayafinta kawai. Ya ce da Haladu a gefe zai rubuta abin yadda yake, tsautsayi ne, amma rai ya salwanta, ga kuma aikin albarushi a hannun wadda ba ta da izini, sauran yana wurin alƙali. Aka kwashe sikelin da maƙatar da bindigar aka sa a bayan mota. Ngo Lai'atu tana ta tambayar me ya faru, ina za a kai shi kuma.

A Gangare mata suka cika gidan Balaraba, ana ta barka, wata har da guɗa. Isa ya wuce su ya shiga ɗaki. Haladu ya bi shi ya tsaya a bakin ƙofa. Yaron yana zaune a gefen gado yana murza inda ankwa ta ci masa hannu.

Ya ce, "Ni namiji ne, Baffa. Da na iya zaman. Ita wa zai riƙe mata uban?"

Balaraba ta zo da kwanon tuwo ta ratsa ta gefen Haladu, ta ce masa Allah ya saka da alheri, ya amsa da ka ya fita.

Ranar Litinin da sassafe ya shiga motar Bukuru ya sauka a mararrabar Rayfield ya ƙarasa da ƙafa. Ya tarar da Alexander zaune a dakalin ƙofar gida, ya sa rigar zuwa majami'a, maɓallan sun saɓa, takalmi ɗaya ba a ɗaure ba. Da alama tun asuba yake nan, ya shirya zuwa kotun da za a kai Ana, bai san yadda zai kai kansa titi ba. Ya ji tafiyar ya ɗago.

"Haladu ne?"

"Ni ne."

"Kai ka kawo mini aikin nan."

"Ni ne."

"Kai kuma ka kawo su."

Haladu ya durƙusa ya ɗaure masa takalmin, ya gyara maɓallan ɗaya bayan ɗaya. Tsohon bai hana shi ba, bai kuma gode ba. Da ya gama, Alexander ya miƙe ya laluba har ya sami hannun rigarsa, ya damƙe.

Ya ce, "Kar ka yi mini magana a hanya. In an zo rami kawai ka faɗa."

Suka kama hanyar titi.